Celica, Silvia, RX-7: da gaske za su dawo, kuma wa zai saya?

Sadauki86:
Assalamu alaikum 'yan gida. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau na ce bari in kawo ta nan. Shekara da shekaru kamfanonin Japan suna kawo samfurin motocin gudu masu ƙofa biyu wajen baje koli a Tokyo, a yaye ƙyalle, a tafa, hotuna su cika intanet, daga nan sai shiru kamar an shuka dusa. Nissan ta nuna IDx a 2013. Toyota ta nuna 'yar ƙaramar S-FR a 2015, a shekarar ce Mazda ta nuna RX-Vision, ta kuma dawo da Iconic SP a 2023. Ko ɗaya ba ta hau titi ba. Waɗanda muke da su kuwa sai tafiya suke yi: Infiniti Q60 ta tsaya a 2022, GT-R ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Tochigi a Agustan 2025, Lexus ta rufe babin RC, Supra ma Toyota ta sanar 2026 za a daina ƙera ta. Yanzu kuma ga raɗe-raɗin dawowar Celica da MR2 na Toyota da Silvia ta Nissan. Tambayata ita ce: da gaske akwai masu sayen mota mai ƙofa biyu wadda tayoyin baya ke tura ta, ko mu ne kawai muke hayaniya a waya? Cikin waɗanda ake raɗe-raɗin kuma, wacce kuke ganin za ta fito?

Bash_Kawo:
Wa alaikumus salam. Gyara kaɗan Malam Sadauki, cire GT-R daga wannan layin. Ita ƙafa huɗu ke jan ta, ba na baya kaɗai ba.

Sadauki86:
Na karɓi gyara. Na sa ta ne don a ga yadda gidan yake watsewa gaba ɗaya.

Ummi_Sharada:
Don Allah kafin ku yi nisa, ni sabuwa ce a harkar. Mene ne abin so a motar da baya ke turawa? Corolla ta gidanmu gaba ke jan ta, kuma tana kai mu duk inda za mu.

Oga_KofarRuwa:
Hajiya Ummi, tambayarki ita ce tushen maganar. A Corolla ɗinku tayoyin gaba aiki biyu suke yi, su ja mota, su kuma juya ta. Idan kin taka wuta sosai a kwana, aikin ya yi musu yawa, sai ki ji hancin motar yana son wucewa gaba ya ƙi bin sitiyari. A mai turin baya an raba aiki, na gaba juyawa kawai, na baya turi kawai. Kuma duk lokacin da aka taka wuta nauyin mota baya yake komawa, ya danne tayoyin da ke turin, su ƙara riƙe kwalta. Shi ya sa sitiyarinta yake da daɗi a hannu. Mu a gareji mai farfela muke ce mata, saboda dogon ƙarfen nan da ke ɗauko ƙarfi daga giya zuwa aksil ɗin baya. Farfelar nan da aksil ɗin kuɗi ne, nauyi ne, kuma suna cin wurin zama a ciki. Dalilin da ya sa ƙananan motocin iyali suka koma jan gaba ke nan.

Bash_Kawo:
Oga, sunan mai farfela ba ya kama kowa. MR2 baya ke tura ta amma ba ta da farfela, tunda injinta yana bayan direba.

Oga_KofarRuwa:
Haka ne, wannan daban take. Na shekara fiye da 20 a gareji, sau biyu kawai na taɓa buɗe irinta.

Baba_Pijo504:
'Ya'yana, ina karanta ku ina tuna baya. A zamaninmu abin nan da kuke nema ba a kiran shi motar gudu, mota ce kawai. Pijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 baya ke tura ta. 505 haka. Datsun 120Y haka, Cressida haka. Na yi shekaru ina bin hanyar Funtuwa zuwa Gusau da 504, in damina ta yi ka shiga laka, da ƙafar wuta da sitiyari kake lallaɓa gindinta har ka fita. Wanda ya koyi tuƙi a kanta ya san abin da Oga yake faɗa ba sai an zana masa ba. Kuma ga abin da zai haɗa ku da maganar Toyota. Mutumin da ya ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da 504, Ove Andersson ɗan Sweden, shi ne ya jagoranci tawagar tseren Toyota a Turai, wadda Carlos Sainz ya ci kambun duniya da Celica ɗinta a 1990 da 1992.

Sadauki86:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban san wannan alaƙar ba.

Zizo_Tudunwada:
Tunda Baba ya taɓo Celica, ni ita na fi yarda za ta fito. Ba zancen mujalla ba ne kawai. Hiroki Nakajima, mataimakin shugaban Toyota, shi da bakinsa ya faɗa a taron Rally Japan na Nuwamban 2024 cewa za su yi Celica. Ga kuma Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, mutum ne da yake shiga tsere da kansa da sunan Morizo. Muddin yana kujerar shugaban hukumar gudanarwa, masu lissafin kuɗi ba za su iya kashe irin wannan aikin cikin sauƙi ba.

Bash_Kawo:
Za ta iya fitowa, amma ba ita ce amsar tambayar Sadauki ba. Celica ta bar turin baya tun 1985. Daga nan har ta tsaya a 2006 gaba ke jan ta, in ban da GT-Four mai ƙafa huɗu, wadda ita ce ta Sainz ɗin. In Toyota za ta dawo da sunan, ni ina ganin GT-Four za ta farfaɗo, tunda tana da tsarin ƙafa huɗu a GR Yaris da GR Corolla a hannu. Abin da ya fi ja mini hankali shi ne GR Yaris M da suka nuna a Tokyo Auto Salon a Janairun 2025. Sun cire injin daga gaba sun dasa sabon lita 2.0 mai turbo a bayan kujeru. Kamfani ba ya wannan wahalar don Yaris. MR2 suke gwadawa a cikin rigar wata.

Zizo_Tudunwada:
To ai ka ga biyu ke nan maimakon ɗaya. Ni ko wacce ta zo ina maraba.

Lissafi_Samaru:
Ku bar ni in shigo da lamba, don soyayya ba ta biyan albashin injiniya. A Amurka, wadda ita ce babbar kasuwar irin waɗannan motoci, a 2024 an sayar da GR86 ta Toyota, wato sabuwar 86, kusan 11,000. BRZ ta Subaru dubu 3 da 'yan kai. Nissan Z dubu 3 da 'yan kai, Supra ba ta ma kai dubu 3 ba. A 2024 ɗin dai RAV4 kaɗai ta haura 470,000. Abin da RAV4 ke sayarwa cikin kwana 10 ya fi na GR86 na shekara guda. To ka zauna a kujerar mai kamfani, kana da kuɗin gina sabon ƙashin mota guda ɗaya, kuma ana matsa maka ka zuba jari a batir da lantarki. Wacce za ka zaɓa?

Ku duba ma yadda waɗanda suka rayu suka rayu. 86 da BRZ mota ɗaya ce, Subaru ke ƙera su duka a Gunma tun 2012, aka raba kuɗin aikin. Supra da BMW Z4 uwa ɗaya uba ɗaya, injin BMW ne a ciki, kuma a Graz ta Ostiriya kamfanin Magna Steyr ya haɗa su. Z ta 2022 kuwa a kan ƙashin 370Z aka ɗora ta, aka sa mata injin lita 3.0 mai turbo biyu wanda dama yana cikin Infiniti. Ba wadda ta tsaya da ƙafarta ita kaɗai. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman kasuwar.

Hydar_GRA:
Malam Lissafi ban yarda da kai duka ba. In babu masu so, me ya sa kason GR86 na Ingila ya ƙare cikin minti 90 a 2022? Ba rashin masu saye ne ya fitar da ita daga Turai ba, sababbin dokokin kariya da suka fara aiki a 2024 ne, waɗanda sai an sake fasalin motar kafin ta cika su. Z kuma ko kai ta Turai ba a yi ba saboda dokar hayaƙi. Ka hana mutum abu sannan ka ce ba ya so?

Lissafi_Samaru:
Motocin da aka ware wa Ingila 'yan ɗaruruwa ne, ɗan'uwa. Tuwo kaɗan a gidan biki dole ya ƙare da wuri. Kuma maganarka ta dawo kan tawa. Da kasuwar tana da girma, da Toyota ta kashe kuɗin gyara motar ta cika dokar, kamar yadda take yi wa Corolla.

Hydar_GRA:
Amma ka yarda ba a gwada iyakar kasuwar ba, tunda ba a taɓa kawo su da yawa ba.

Dan_Nagoya:
Salam daga nan. Shekara ta shida ke nan ina zaune a yankin Aichi, kusa da gidan Toyota, bari in faɗi abin da ido yake gani. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin da ake saya a Japan 'yan ƙananan nan ne da ake kira kei, masu injin da bai wuce cc 660 ba. A birane kafin a yi maka rajistar mota sai ka kawo shaidar kana da wurin ajiye ta, kuma wurin haya ne duk wata. Ga binciken lafiyar mota da suke kira shaken duk shekara biyu, shi ma kuɗi ne. Ga jirgin ƙasa da ke kai ka ko'ina a kan lokaci. Abokan aikina matasa da yawa ko lasin ba su damu da shi ba, har suna da kalma ta musamman da suke kiran wannan nisantar mota da matasa suka yi.

Amma ranar Lahadi da safe ka hau hanyoyin tsauni, za ka ga 86 da Roadster a jere, Roadster ita ce MX-5 ta Mazda a nan. Ka leƙa ciki, rabi masu furfura ne. Mutanen da suka yi samartaka a shekarun 1980 da 1990 lokacin AE86, tsohuwar Corolla mai turin baya, da Silvia, yanzu yara sun girma, kuɗi ya zauna. Sabuwar Prelude da ta fito a Satumban 2025, Honda ta tsara sayar da 300 a wata, a watan farko aka yi odar kusan 2,400, kuma akasarinsu 'yan shekara 50 zuwa 60 da wani abu ne. Wannan ne yake ba ni tsoro. Masu so akwai, amma shekaru suna tafiya da su.

Zizo_Tudunwada:
Prelude ɗin nan ta ɓata mini rai. Ba giyar hannu, rabin fetur rabin lantarki, gaba ke ja, ƙarfin doki 200, kuma a Amurka ta haura dala 42,000. GR86 tana farawa wajen dala 30,000 da doki 228 da kuloci.

Bash_Kawo:
Kada a zalunce ta. Prelude tun ta farko a 1978 gaba ke jan ta, ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin turin baya ba. Wadda ya kamata ku nema a wajen Honda ita ce S2000, da ta yi daga 1999 zuwa 2009, injinta na farko yana kaiwa juyi 9,000.

S15_Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Ni duk wannan ba ya gabana, Silvia nake jira. Ivan Espinosa tun yana kula da tsara motoci a Nissan ya faɗa a fili yana son dawo da ita, yanzu kuma tun Afrilun 2025 shi ne shugaban kamfanin gaba ɗaya. Wa zai hana shi?

Lissafi_Samaru:
Aljihu zai hana shi. Nissan ta yi asarar kusan yen biliyan 670 a shekarar kuɗi da ta ƙare Maris 2025. Maganar haɗewa da Honda ta rushe a Fabrairun 2025. A watan Mayu shi Espinosan ne ya sanar da rage ma'aikata 20,000 da rage masana'antu daga 17 zuwa 10. Wanda rufin ɗakinsa ke yoyo ba ya fara sayen labule. Ina son Silvia kamar kowa, amma ita ce ta ƙarshe a layi.

S15_Kumasi:
Na ji, amma ka tuna Nissan tana cikin irin wannan halin a 1999 lokacin da Renault ta shigo, kuma 350Z ta fito a 2002. Wani lokaci kamfani mai rauni yana buƙatar motar da za ta sa mutane su sake kallonsa.

Hydar_GRA:
Wannan magana ce mai ƙarfi. Babu wanda ya taɓo Mazda kuma. Su ne suka fi kowa taurin kai. MX-5 tun 1989 ba ta tsaya ba, ta haura miliyan ɗaya tun 2016. A Fabrairun 2024 sun sake kafa rukunin injiniyoyin injin rotari. Iconic SP ba ta yi mini kama da abin ado ba.

Oga_KofarRuwa:
Alhaji Hydar, injin nan ina girmama shi, shi ya ci gasar tseren Le Mans a 1991 da motar 787B. Amma bari in bayyana wa waɗanda ba su taɓa ganin cikinsa ba. Ba fistin da ke hawa da sauka, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa a cikin gida mai siffar kwanson gyaɗa. Ƙarami ne, ba nauyi, yana juyi kamar fanka. Matsalarsa ɗakin ƙonawar dogo ne siriri, fetur ba ya ƙonewa duka, kuma da gangan ake ɗiga masa baƙin mai don siraran ƙarafan da ke bakin kusurwoyin kada su cinye. Ga shan mai, ga hayaƙi. Dokar hayaƙi ce ta kori RX-8 daga Turai a 2010, ta tsaya gaba ɗaya a 2012. Da suka dawo da shi a MX-30 a 2023, janareta suka mai da shi, yana cajin batir, ba ya taɓa taya. Idan haka za a yi a sabuwar, mai son RX-7, tsohuwar motar gudun Mazda mai rotari, zai ce an ba shi ƙamshi an hana shi nama.

Hydar_GRA:
A bajen Tokyo na 2025 sun nuna Vision X-Coupe mai rotari biyu da turbo. Ba su saki maganar ba.

Bash_Kawo:
Ƙofa huɗu gare ta, kuma samfuri ne. Mun koma jerin da Sadauki ya fara da shi.

Nura_Maradi:
Ina ta saurare. Mu faɗa wa juna gaskiya, a cikinmu nan wa zai je ya sayi sabuwa dal? Mu a Maraɗi da Yamai, ku a Kano da Kaduna, duk masu jiran wadda wani ya hau shekara takwas ko goma ne, ta biyo jirgin ruwa, a biya duwan. Kamfani ba ya ƙirga mu, domin kuɗinmu ba ya shiga aljihunsa. Abin da ya shafe mu ɗaya ne: za a yi ta da sitiyari a hagu, a sayar da ita da yawa a Amurka? In ba haka ba ba za mu gan ta ba. Ɗan'uwa na Kumasi, S15 ɗin da ka sa a sunanka da sitiyarin dama kaɗai aka yi ta.

S15_Kumasi:
Ka taɓa mini inda yake ciwo. A Gana ma ba a yarda a shigo da mai sitiyarin dama ba.

Zizo_Tudunwada:
Najeriya ma haka, tun da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972 mai sitiyarin hagu ce tamu. Shi ya sa abin da muke samu shi ne Scion FR-S, wato 86 ta Amurka, da Infiniti G35 mai injin 350Z, da Lexus IS. Ni G35 mai ƙofa biyu nake hawa shekara huɗu yanzu. Abin da zan gaya wa mai sha'awa, ya auna titin unguwarsu kafin ya auna aljihunsa. Tudun rage gudu da mutanen unguwa suke yi da siminti, sai na bi shi a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. GR86 santimita 13 ne tsakaninta da ƙasa. Ga fetur tun da aka cire tallafi a 2023, kuma irin waɗannan injina mai kyau suke so.

Maman_Hanif:
Ku yi haƙuri in kawo abin da ba ku ambata ba. Duk lokacin da na ji ana yabon motar da ke juya gindi, abin da nake tunawa shi ne wasan mota da samari suke yi ranar ɗaurin aure a kan titin da yara ke tsallakawa. A unguwarmu an taɓa kaɗe wani yaro mai tallan ruwa a irin wannan, har yau yana ɗingishi. Ba na ƙin sha'awarku, mijina ma mai son mota ne. Amma in motocin nan sun ƙaru a hannun 'yan shekara 20, a ina za su gwada su?

Oga_KofarRuwa:
Hajiya kin faɗi gaskiya, Allah ya ba yaron lafiya. Irin waɗannan motocin sukan zo mini da ƙafar baya a karye, in ka tambaya sai a ce santsi ne.

Dan_Nagoya:
Amin. A nan ma a hanyoyin tsauni aka fara da dare, ba bisa doka ba. Keiichi Tsuchiya da ake kira sarkin wannan wasa daga can ya fito da AE86. Abin da ya gyara lamarin shi ne an mai da shi gasa mai doka a fili killatacce, aka kafa D1 a farkon shekarun 2000. Akwai filin Ebisu a Fukushima, ka biya kuɗin yini, ka sa hular kwano, ka ƙone tayarka ba wanda ka sa a haɗari. Da masu hali a Kano ko Abuja za su haɗa kai su samar da fili ko da ƙarami ne, da maganar Hajiya ta sami amsa.

Baba_Pijo504:
Allah ya yi miki albarka 'yata. Mu da aka koya mana tuƙi, abu na farko shi ne ran mutumin da ke gefen titi.

Sadauki86:
Amin Baba. Bari in dawo da mu kan tambayar. Kun ga abin da Toyota ta buɗe farkon Disamban 2025? GR GT, injin V8 lita 4.0 mai turbo biyu da taimakon lantarki, inji a gaba turi a baya, suna neman doki 650, ana sa ran 2027. Wannan tabbas za ta fito. Amma ba ita nake tambaya ba. Mai kuɗin sayenta dama yana da zaɓi goma. Abin da ke damuna shi ne ta ƙasa, wadda malamin makaranta a Osaka ko Ohayo zai saya sabuwa, ta zo hannunmu bayan shekara goma. In GR86 ta tafi ba magajiya, shi ke nan an rufe ƙofar.

Lissafi_Samaru:
A nan muka haɗu. Mai tsada tana biyan kuɗin kanta da motoci kaɗan. Mai araha sai an sayar da yawa, yawan kuma shi ne babu.

Hydar_GRA:
Toyota tana da kusan kashi 20 na Subaru da kusan kashi 5 na Mazda. Kamfani uku su haɗu a kan ƙashi ɗaya, MX-5 da 86 da BRZ su fito daga ciki, lissafin zai tashi. Mujallun Japan sun daɗe suna raɗe-raɗin haɗin Toyota da Mazda, kuma ni ban ga abin da zai hana ba.

Bash_Kawo:
Mazda ba za ta yarda MX-5 ta yi nauyi don a sa kujerun baya ba. Duk martabarta tana cikin rashin nauyin nan, kusan tan ɗaya.

Ummi_Sharada:
Na gode Oga, yanzu na gane. To ba wata ƙarama mai sauƙin kuɗi da ake shirin yi?

Dan_Nagoya:
Akwai wadda ba a cika magana a kanta ba, Hajiya. Daihatsu, wadda mallakar Toyota ce, ta nuna Vision Copen a 2023 mai injin lita 1.3 da turin baya, alhali Copen da aka sani gaba ke jan ta. A bajen 2025 sun sake kawo wani samfurin mai turin baya. Sai dai in kei aka yi ta, a Japan za ta tsaya da sitiyarinta na dama, mun koma maganar Nura. In Allah ya kai mu Janairu zan je Tokyo Auto Salon a Makuhari. Ku faɗi rumfar da zan fara zuwa in ɗauko muku hotuna.

Zizo_Tudunwada:
Rumfar Gazoo Racing, sashen motocin gudu na Toyota, don Allah. Ka leƙa bayan kujerun duk abin da suka ajiye.

S15_Kumasi:
Nissan. Ko fitilar Silvia ka gani ka turo.

Oga_KofarRuwa:
Ni in sun bari ka durƙusa, ƙarƙashin motar nake so ka ɗauko mini.